Rigar Injin da Na Ɗinka a Idu

Mutumin farko da ya yi mini magana a Abuja shi ne ya tafi da keken ɗinkina.

Da hantsi motarmu ta shiga tashar Jabi, kwana biyu bayan na baro Tasawa ta ƙasar Nijar. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kuma duk wanda ya dawo gida daga Najeriya labarinsa ɗaya ne: Abuja gini ake yi ta ko'ina, manyan motoci sai ka gaji da ƙirga su. Ni kuwa sana'ata ɗinkin tamfol ce, irin wanda ake rufe kayan manyan motoci da shi. Na ce inda motoci suka yi yawa, tamfol ma zai yage da yawa. Shi ya sa na kwance kan kekena, na naɗe shi cikin buhu, na bar matata Rakiya da goyon wata biyar.

Ina sauka wani dattijo ya tare ni, farar shadda, carbi a hannu.

"Sannu da hanya, ɗan'uwa. Daga Faranshi ne?"

Na ce masa e, don haka suke kiran ƙasarmu, na kuma gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce ai na faɗo hannu nagari, masu tamfol ɗin Dei-Dei duk yaransa ne, shi ma can zai tafi. Ya nuna mini masallaci, ya ce in je in rama sallolin da hanya ta cinye, zai tsare mini kaya. Har addu'a na yi masa a sujada. Da na dawo babu shi babu buhu.

Na zagaya tashar nan sau uku. Abin da ya rage mini shi ne jakar da ke wuyana: basilla uku, zare, almakashi da tef ɗin awo. Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallon ƙafafun mutane. Wani direba da ya ji labarin ya yi tsaki, ya zagi dattijon har kakanninsa, sannan ya ce in hau, Dei-Dei ya nufa. Bai tambayi sunana ba, ni ma ban san nasa ba har yau.

A Dei-Dei na yi wata biyar. Kasuwa ce da ba ta da ƙarshe, nan rodi da kwano da siminti, can shanu da raguna, a tsakani manyan motoci jere. Na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya ina duba rufinsu. Idan na ga yaga sai in nuna wa direba, in zauna a ƙasa in ɗinke da hannu. Aikin da keke zai yi kafin shayi ya huce, ni sai in wuni a kansa. Yatsuna suka tsattsage, suka warke, suka yi kanta. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan sama. A nan damina kan sauka tun muna tsakiyar bazara a gida, duk sanda ƙasa ta yi ƙamshi sai in tuna gonarmu, in tuna ban san ko ɗana ya fara rarrafe ba.

A bayan layin masu katako akwai wata mai abinci, Mama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna. Rumfarta ta tsohon tamfol ce, ruwa na zuba daidai kan tukunyar miya. Wata rana ina cin shinkafa da wake na kasa haƙuri, na hau benci na ɗinke wurin. Ta tsaya riƙe da ludayi tana kallona.

"Kai Nijar, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Mama. Miyar ce na ji wa tausayi."

Ta yi dariya har sai da ta ajiye ludayin. Daga ranar sunana ya koma Nijar, kuma kwanona ya fi na kowa nama. Da azumi ya zo, ita da ba ta yi, kullum sai ta dama mini kunun tsamiya ta rufe, ta ce, "Ka sha ruwa tukuna, shinkafa yana nan, ba zai gudu ba." Hausarta haka take, komai namiji ne, har ita kanta wani lokaci.

Wata Asabar ƙaninta Bitrus ya zo. Saurayi ne mai yawan barkwanci, amma ran nan ko gaisuwa da ƙyar ya amsa. Ya jefar da wani ƙunshi a kan benci ya dafe kai. A wani gidan ƙira yake aiki a Idu, unguwar masana'antu, shi ke sarrafa wani injin da kwamfuta ke tuƙawa, mai sassaƙa ƙarfe.

"Yaya, na gama yawo," in ji shi. "Ƙarfen matsi da ke riƙe aiki ya kuɓuce mini, ya faɗa kan rigar injin, ya yaga shi biyu. Oga ya ce sabo sai daga Turai, wata uku. Ya ce ba zai kunna injin tsirara ba. Mu shida za mu zauna a gida, kwangilar famfunan ruwa kuma za a ba wasu."

Mama Rifkatu ta zauna a hankali. Bikin Bitrus saura wata biyu, an riga an gaya wa dangin amarya a Ushafa.

Na jawo ƙunshin na buɗe. Wani baƙin yadi ne mai roba, an ninke shi ninki-ninki, idan ka ja ya miƙe, idan ka tura ya takure. A cikin kowane ninki akwai siririn faifan roba mai tauri da ke riƙe da siffarsa. Na juya shi, na bi haɗin da yatsa. Na tambayi Bitrus amfaninsa. Ya ce teburin injin yana zamewa ne a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu santsi kamar madubi, su ne hanyarsa. Rigar ita ke hana ɓarɓashin ƙarfe da ruwan sanyaya wuƙa zuba a kansu. Idan ɓarɓashi ya shiga ya karce hanyar, injin ya daina yanka daidai, kuma gyaran wannan ya fi ƙarfin gidan gaba ɗaya.

Na ce, "Wannan ai ɗinki ne."

Bitrus ya ɗago. "Bature ne ya yi shi fa."

"Da hannu ya yi, ko da ƙafa?"

Mama Rifkatu ta buga cinya. "Ka kai shi wurin oganka! In ya kasa, me ka rasa?"

Ran Litinin na wanke rigata ɗaya mai kyau muka tafi Idu. Ban taɓa ganin abu irin injin nan ba. Girmansa ya kai shago, yana da ƙofar gilashi da allo mai maɓallai a gefe. Maigidan, Injiniya Kabiru, mutumin Zariya ne, ya yi shekaru a ma'aikatar gwamnati kafin ya ajiye ya buɗe wurin. Na ga babban mutum da tabarau, sai na rusuna na gaishe shi yadda muke gaida malaman boko da manyan ma'aikata a ƙasarmu.

"Ina kwana, Mushe."

 Bitrus ya taka mini ƙafa. Ni ban san a Najeriya kalmar ba ta da wata ma'ana sai dabbar da ta mutu ba yanka ba. Injiniya ya cire tabarau ya dube ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har da hawaye.

"Ranar da na bar aikin gwamnati an kira ni mahaukaci," ya ce. "Da na sayo injin nan an kira ni almubazzari. Mushe kam yau na fara ji. Malam, yaya sunanka?"

"Laminu, ranka ya daɗe."

"To Malam Laminu, za ka iya?"

Na ce zan gwada. Ya ce ya ba ni mako guda kafin ya sanar da masu kwangila.

Na koma Dei-Dei na zaɓo tamfol mafi kauri da ƙwari, irin wanda ke shekara biyar a kan tirela. Na yanka, na ninke, na manne faya-fayan da gam ɗin masu faci. Kwana huɗu na gama, kuma na yi alfahari da shi, don ko wuƙa da ƙyar za ta huda shi. Muka ɗaura da sukurori. Bitrus ya danna maɓalli, teburi ya taho sannu a hankali, rigar tana takurewa. Kafin ya kai ƙarshen hanya sai ninkin ya cushe, ya kumbura ya yi tozo. Injin ya yi ƙara, jar fitilar gargaɗi ta kama. Da muka kwance kuma muka tarar farin ruwan nan na sanyaya wuƙa ya fara narkar da gam ɗin, yana jan zare kamar miyar kuɓewa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ma'aikata suka juya baya kowa ya kama abin da ba shi ne gabansa ba. Bitrus ya jingina da bango ya rufe ido.

Injiniya ya ɗauki rigar ya jujjuya, ya daɗe yana duba bakin ɗinkin.

"Hannunka yana da kyau," ya ce. "Laifina ne, na ba ka tsawonta a miƙe, ban ba ka tsawonta a takure ba. Zo ka gani."

Ya tura teburin har ƙarshen hanya, ya sa ma'auninsa na ƙarfe a ratar da ta rage. Santimita tara. Ninki goma sha takwas, da yadi da faifai da komai, dole su shige cikin santimita tara. Ni da na saba auna tamfol da taku, ran nan na fara sanin milimita tana da daraja. Na roƙe shi ƙarin kwana goma da galan ɗaya na farin ruwan. Ya shiga ofis ya yi waya mai tsawo, ina jin yana ta ba da haƙuri da Turanci. Ya fito ya ce an ba mu, amma ba ƙari.

Na bi kasuwa rumfa-rumfa ina roƙon ƙyalle. Na samo kala bakwai: na masu kujerun mota, na masu allon talla, na masu jaka, na masu rigar ruwan 'yan acaɓa, da sauransu. Mama Rifkatu ta ba ni gwangwanayen tumatir bakwai, na cika su da farin ruwan, na jiƙa kowane ƙyalle a nasa, na jera a ƙarƙashin teburinta. Ran na biyu wani direba ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, yana cewa ashe Mama ta fara sayar da nono ba ta gaya wa mutane ba. Da ludayi ta buge hannunsa, gwangwanin na dab da bakinsa.

Bayan kwana uku wasu ƙyallayen sun saki, wasu sun ƙandare, ɗaya ya zama kamar tuwo. Guda ɗaya ne ya fito yadda ya shiga, na rigar ruwa, siriri mai roba ciki da waje. Daga tsohuwar rigar na ceto faifai goma sha biyu, sauran shida na yanka daga fallen roba na masu allon talla, na goge bakinsu da sanfefa. Gam kuwa na yafe shi, na ce ɗinki zan yi layi biyu, in toshe hujin allura da baƙin gam ɗin da ake kafa gilashin mota da shi, wanda shi ma na jiƙa na ga bai motsa ba.

Saura keke. Yadin ya yi sirantar da basilla za ta yaga shi.

"Keke yana nan," in ji Mama Rifkatu. "Zumuntar mata na cocinmu suna da shi. Tashi mu je."

Na ɗan tsaya. Ta gane.

"Ba ciki za ka shiga ba, baranda ne. In lokacin sallanka ya yi, ga famfo, ga inuwa."

Haka na yi kwana biyar a barandar ɗakin ajiyar coci, da hulata, ina taka keken mata. Kullum da la'asar suna zuwa koyon waƙa, da tulunan kiɗa da caki. Tun ina sunkuyar da kai har ƙafata ta koma bin kiɗan, in suka yi sauri in yi sauri. Wata tsohuwa a cikinsu, wadda ta ce ta shekara talatin tana ɗinki, kan zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗana, sassauta zare, kana shaƙe shi." Kuma gaskiyarta ne. Allura huɗu na karya. Ranar da na gama suka sa ni na ɗaga rigar sama, na ja ta, na tura, suka yi guɗa kamar an kawo amarya, alhali babu wadda ta san amfanin abin a cikinsu.

A can Idu su ma ba su zauna ba. Injiniya da Bitrus sun wanke hanyar injin da kananzir, sun sami ƙaramin karce ɗaya sun goge shi da dutsen mai, sun sake robobin da ke share hanyar. Injiniya ya kuma sa an yanko siraran fallayen ƙarfe, muka jera su a saman kowane ninki kamar ɓawon kifi, don ɓarɓashi mai zafi ya zame maimakon ya ƙona yadin.

Da safe muka ɗaura. Kafin a kunna na matse ta da hannuna, Injiniya ya sa ma'auni. Ya duba, ya sake dubawa.

"Takwas da rabi," ya ce.

Bitrus ya yi alamar addu'arsu, ni na yi bisimilla. Teburi ya taho. Ninkin suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, shiru, har ƙarshe. Ya koma, suka buɗe. Injiniya ya ce a ƙara gudu. Aka ƙara. Ya ce a sa ƙarfe a yanka. Wuƙa ta shiga, farin ruwa ya yi ta feshi, ɓarɓashi na tsalle yana sauka kan rigar yana gangarewa.  Haka aka yi ta yi har azahar, ni ko zama na kasa.

Da aka kashe injin, Injiniya ya kwance sukurori biyu, ya ɗaga bakin rigar, ya ciro farin hankicinsa daga aljihu ya shafa a kan hanyar tun daga wannan kai har wancan. Ya ɗaga mana shi. Mai ne kawai, garau, babu ɗigon ruwa, babu ƙwayar ƙarfe.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Bitrus ne ya sungume ni yana zagaya injin da ni yana ihu, "Nijar! Nijar!" Sauran ma'aikata na buga sifana a jikin benci. Injiniya yana cewa a sauke masa tela kafin a karya shi, wa zai ɗinka ta gaba?

Ashe da gaske yake. Ya ware mini kusurwa a gidan, ya sa aka kawo keke mai mota, ya kuma riƙa gaya wa abokansa masu injuna. Kafin shekara ta zagayo ina ɗinka wa masu buga littattafai da masu yanka katako da masu gilashi, har daga Kaduna ake aiko mini da yagaggun riguna a mota. An gama famfunan a kan lokaci. Na je bikin Bitrus a Ushafa, uwar amarya, wadda maginiyar tukwane ce, ta ba ni randa da hannunta, ta ce ta ji ni ne na hana a ɗaga ranar. Na riƙo ta a cinya tun daga can har ɗakin da na kama haya, duk ramin da mota ta faɗa sai na ce wa direba ya ji tsoron Allah.

Da kaka na aika aka zo mini da Rakiya. Ɗana da na bari a zani ya sauko daga mota da ƙafarsa, ya dube ni, ya ɓuya a bayan uwarsa. Sai da na yi kwana uku ina sayensa da ƙosai kafin ya yarda na ɗauke shi.

Na ƙosa in nuna mata aikina. Ran Juma'a da safe na kai ta Idu. Injiniya da kansa ya fito ya tarbe ta, ya ce mata mijinta ya yi abin da sai an haye teku ake samowa. Bitrus ya buɗe ƙofar gilashin, ya miƙar da rigar don ta gani da kyau. Na tsaya a gefe ina gyara hula.

Rakiya 'yar dukawa ce, a gidan ɗinkin fata ta tashi. Ta gyara goyonta, ta sunkuya, ta bi layin ɗinkin da farce tun daga ninki na farko. Haka ta yi ta bi har ta kai na goma sha ɗaya. Nan ta tsaya.

"Malam, nan ka yi gaggawa."

Na matso na duba. Wurin bai fi faɗin yatsa biyu ba, ɗinkin ya ɗan karkace, tazarar ta buɗe. Na tuna ranar sarai, ranar da matan suka yi wata waƙa mai sauri. Injiniya ya sa tabarau ya leƙa, ya ɗago ya dubi Bitrus. Wata nawa suna kallon rigar nan kullum, babu wanda ya gani.

"Malama," in ji Injiniya, "ke ma kina ɗinki ne?"

"Kaɗan-kaɗan, ranka ya daɗe," ta ce, tana rufe baki da mayafi.

Ya juyo gare ni. "Malam Laminu, kusurwar nan taka za ta ɗauki keke biyu?"

Na ce za ta ɗauka.